'Yan Ƙananan Kalmomin da Ke Juya Aikatau a Turanci

Duk malamin Turanci a sakandare ya san wannan al'amari, ko a Kano yake koyarwa ko a Sakkwato. Yaro zai haddace *investigate*, ya rubuta ta daidai ba tare da ya yar da harafi ko ɗaya ba, amma da an ce masa *look into* sai ya yi tsuru. Ya san *look* tun yana firamare, ya kuma san *into*. Da aka haɗa su sai ma'anar ta suɓuce masa, domin abin da ake nufi shi ne bincike, shi kuwa yana can yana tunanin leƙe. Haka *give up*: babu bayarwa a ciki, babu sama, saduda ce ko barin wani abu. Haka *call off*, wato soke taro ko janye yajin aiki.

Wannan haɗi na aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, da wata 'yar ƙaramar kalma, wanda masu nahawu ke kira *phrasal verb*, shi ne gishirin Turancin yau da kullum. Da shi ake hira, da shi ake faɗa, shi ne a fuskar wayar da ke hannunka: *log in*, *sign up*, *switch off*, *top up*. Amma a makarantunmu yawanci jeri ake rubuta wa yara a allo, guda talatin ko hamsin, a ce su haddace saboda jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, kamar abin da ba shi da kai ba shi da gindi. Wannan hanya tana ba ni takaici, don abin yana da tsari. Kuma Bahaushe, in an nuna masa, ya fi masu koyon Turanci da yawa kusa da gane tsarin, saboda harshensa yana yin irin wannan aikin ta wata hanyar.

Wahalar kam tsohuwa ce, kuma Turawan da kansu sun san da ita. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ware wannan nau'i na haɗin kalmomi ya ce shi ne ke ba baƙin harshen babbar wahala, ya jero misalai irin su *come off* da *fall on* da *give over*. Sunan da ake kiransu da shi yanzu kuwa bai bazu ba sai bayan 1925, lokacin da Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi, ya kuma ce Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamusun Oxford, shi ya ba shi shawarar sunan.

Asalinsu yana komawa ga dangin da Turanci ya fito. Turanci ɗan'uwan Jamusanci ne da harshen Holan. A tsohon Turanci, 'yar ƙaramar kalmar ta fi zama a gaban aikatau, manne da shi, kuma ragowar wannan tsari yana nan a kalmomi irin su *understand*, *withstand* da *overcome*. Jamusanci har yau yana wasa da fuskokin biyu: *aufstehen* tashi ne, amma in mutum zai ce yana tashi sai ya ce *ich stehe auf*, ƙaramar kalmar ta ɓalle ta koma ƙarshe. Turanci ya bi wannan hanya ta biyu har ta zama ɗabi'arsa. Sannan a 1066 Normandawa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, kalmomin Faransanci da na Latin suka yi ta kwarara cikin Turanci. Abin da ya haifar shi ne harshe mai rufi biyu. Kusan kowane aiki yana da kalmar fada da kalmar gida: *postpone* da *put off*, *tolerate* da *put up with*, *continue* da *go on*, *discover* da *find out*, *extinguish* da *put out*. Makarantar boko a ƙasashenmu ta ɗauki rufin sama ta riƙe da kyau. Na ƙasa, wanda shi ne ake rayuwa da shi, ta yi masa riƙon sakainar kashi.

To mu zo ga tsarin. Bari in kira ƙaramar kalmar nan 'yar rakiya, don ta fi sauƙin faɗa. 'Yan rakiyar iri biyu ne, kuma abin da ke rikita mutane shi ne kamanninsu ɗaya. Wata bayanau ce, tana jingine da aikatau, tana ƙara masa ma'ana. Wata kuma kalma ce mai riƙe da sunan da ke bin ta, wato abin da Turanci ke kira *preposition*. Kalmomi kamar *up*, *on*, *in*, *off*, *over*, *down* suna iya zama ko wanne daga cikin biyun. Wasu kuwa gefe ɗaya kawai suke: *away* da *back* kullum bayanau ne, *at*, *for*, *with*, *from*, *of*, *into* kullum masu riƙe suna ne.

Duba waɗannan jimloli biyu da masu nahawu ke yawan kawowa. *He ran up the hill*: ya hau tudu a guje. *He ran up the bill*: ya bari kuɗin da za a biya sun taru sun yi yawa. Harafi ɗaya ne kawai ya bambanta su a rubuce, amma gininsu daban. A ta farko, *up* tare take da *the hill*, su biyun suna faɗin inda aka yi gudun. A ta biyu, *up* tare take da *ran*, su biyun sun zama aikatau ɗaya, *the bill* kuma karɓau ne, wato abin da aikin ya faɗa a kansa. Ta yaya za ka tabbatar? Gwada matsar da 'yar rakiyar zuwa bayan sunan. *He ran the bill up* daidai ne. *He ran the hill up* ba Turanci ba ne. Sai ka gwada ɗauko ta tare da sunan ka kawo su farkon jimla. *Up the hill he ran* ya zauna, har da ɗan armashi irin na masu ba da labari. *Up the bill he ran* kuwa bai zauna ba, domin ka raba ta da aikatau ɗin da take tare da shi, ka haɗa ta da sunan da ba nata ba.

Daga nan ƙa'idar da ta fi kowacce amfani ta fito, ita ce ta wakilin suna. In 'yar rakiya bayanau ce, karɓau kuma suna ne, kana da zaɓi: *turn off the fan* ko *turn the fan off*, duk ɗaya. Amma da zarar ka mayar da sunan wakilin suna, zaɓi ya ƙare, dole ya shiga tsakiya: *turn it off*. Ba a cewa *turn off it*. Haka *pick him up*, *put them on*, *write it down*. In kuwa 'yar rakiyar mai riƙe suna ce, ba ta yarda karɓau ya shiga tsakaninta da aikatau, ko suna ne ko wakilinsa: *look after the children*, *look after them*. Wanda ya ce *look them after* ya karya harshen.

Wannan ƙa'ida tana da dalili, kuma sanin dalilin ya fi haddace ta. Turanci yana son ajiye sabon labari da kalmomi masu nauyi a ƙarshen jimla, inda murya ke sauka da ƙarfi. Wakilin suna abu ne da an riga an san shi, ba shi da nauyi, don haka ba a ba shi wannan kujera ta ƙarshe. Ana tura shi tsakiya, a bar wa 'yar rakiya ƙarshen. Wannan dalili ne kuma ke aiki ta ɗaya gefen: in karɓau ya yi tsawo, shi ke tafiya ƙarshe. Babu mai cewa *turn the fan that your uncle bought in the market last week off*. Kafin a kai ga *off* mai sauraro ya manta da *turn*. Sai a ce *turn off the fan that your uncle bought*, a ci gaba.

Kunne ma yana taimakawa, ko da yake nan ne muka fi rauni, don mu da karin sauti muka saba, hawa da saukar murya, Turanci kuwa da nauyin gaɓa yake aiki. 'Yar rakiya bayanau tana ɗaukar nauyin murya, mai riƙe suna kuwa yawanci ana wucewa ta kanta da sauri. *She turned on the radio*, ta kunna rediyo: nauyin yana iya sauka a kan *on*, kuma in an sa wakilin suna sai a ce *she turned it on*. *The dog turned on its owner*, kare ya juya ya far wa mai shi: nauyin yana kan *turned*, kuma da wakilin suna *the dog turned on him* za a ce. Kalmomi biyu iri ɗaya, *turn* da *on*, amma aikatau biyu ne mabambanta, kuma wurin zaman wakilin suna shi ke fallasa wanne ake nufi.

Akwai kuma waɗanda ba sa ɗaukar karɓau sam, su ba su da rigima: mota ta lalace, *broke down*, jirgi ya tashi, *took off*, baƙo ya bayyana, *showed up*.

Masu 'yan rakiya biyu su ne suka fi ba ɗalibai tsoro, alhali sun fi sauƙin sarrafawa. *Put up with*, jurewa. *Run out of*, ƙarewar abu a hannun mutum. *Get away with*, yin laifi a sha. *Look down on*, raini. *Catch up with*, cim ma wanda ya yi gaba. A nan ta farko bayanau ce, ta biyu mai riƙe suna, kuma karɓau kullum a ƙarshe yake: *put up with it*, *look down on them*. Ba a raba su.

Ɗaya daga cikinsu ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana ɓata wa mutane takardun neman aiki da wasiƙun ofis ba tare da sun sani ba. *Look forward to*, ɗokin abin da ke tafe. Mutane da yawa suna rufe wasiƙa da *I look forward to hear from you*. Kuskuren yana da saurin fahimta: an koya mana cewa bayan *to* aikatau tsirara ke zuwa, kamar *to go*, *to eat*. Amma wannan *to* ɗin ba waccan ba ce. Mai riƙe suna ce, don haka suna take buƙata, ko aikatau da aka mayar suna da ɗafin *-ing*. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: za ka iya cewa *I look forward to the holiday*? Za ka iya. To duk abin da ya zauna a gurbin *the holiday* dole ya yi aikin suna, saboda haka *I look forward to hearing from you*. Wannan gwaji ɗaya yana gyara *object to*, *get round to* da *be used to* duka. Na ga ma'aikatan da suka shekara da shekaru suna rubuta wasiƙu da Turanci mai kyau, amma wannan layi na ƙarshe yana nan a karye, don ba wanda ya taɓa nuna musu cewa *to* iri biyu ce.

Wannan duk gini ne. Ma'ana fa? Nan ne nake ganin ana zaluntar yaran Hausawa, don ana koya musu abu kamar baƙo alhali yana bakinsu tun suna goye.

Dubi *ci* da *cinye*. Dubi *sha* da *shanye*. Mene ne bambancin "ya ci tuwo" da "ya cinye tuwo"? Na biyu bai bar komai ba. To wannan shi ne bambancin *eat* da *eat up*, da *drink* da *drink up*. Wannan *up* ɗin ba ta da alaƙa da sama, aikinta nuna cewa an gama abu kakaf, kamar yadda muke ji a "saye" da "kwashe" da "cike" da "ƙone". Shi ya sa ake samun *use up*, *buy up*, *fill up*, *dry up*, *finish up*. Yaron da aka ce wa "wannan *up* ita ce bambancin ci da cinyewa" ya samu mabuɗin kalmomi da dama a zama ɗaya.

Masana Hausa sun daɗe da tsara wannan. F. W. Parsons ya fito da tsarin giredin aikatau na Hausa guda bakwai, wato rukunonin da aikatau ya kasu a cikinsu, a 1960, kuma har yau da shi ake koyarwa a jami'o'i, tare da gyare-gyaren da waɗanda suka biyo baya suka yi. Giredi na huɗu shi ne na gamewa, irin su saye da kwashe. Na shida, mai ƙarewa da wasalin "o", yana nuna aikin ya nufo wajen mai magana: fita da fito, shiga da shigo, saya da sayo, koma da komo. Na biyar yana tura aiki waje, nesa da mai yi: zuba da zubar, saya da sayar, fita da fitar. Abin da Hausa ke yi da sauya ƙarshen aikatau, Turanci yana yin kwatankwacinsa da ajiye 'yar kalma a gefe. "Zubar" tana kusa da *pour away* ko *throw out*, "mayar" tana kusa da *put back* ko *give back*, "fito da" kuma *bring out*. Ba na cewa sun dace ɗaya bisa ɗaya. Turanci ba shi da ɗafi guda da ke yin aikin "o" ɗinmu, sai ya canza aikatau ɗin kansa, ya ce *go out* da *come out*. Amma tunanin iri ɗaya ne: tushen aiki ɗaya, sai a ɗan taɓa shi ya nuna alƙibla ko cika.

Har ma muna da namu 'yan rakiyar. "Zo" daban, "zo da" daban. "Tafi" daban, "tafi da" daban. "Yi da wani" gulma ce, "gama da shi" na iya nufin hallaka shi, "ji da kai" girman kai ne. Baƙon da ke koyon Hausa zai tsaya a gaban "suna yi da kai" kamar yadda yaronmu ke tsayawa a gaban *look into*.

Da wannan ido, sauran 'yan rakiyar Turanci sai su fara magana. *Out* daga fita ta taso, sai ta miƙe ta kai ga fitowa fili, kamar *find out*, *point out*, *speak out*. Ta kai ga ƙarewa, kamar *run out*, *sell out*, *wear out*. Ta kai ga mutuwar wuta, kamar *put out* da *go out*. Ta kai ga rarrabawa, kamar *hand out* da *share out*. *Off* rabuwa ce da yankewa: *cut off*, *take off*, *set off*, *see off*, daga nan ta zama sokewa a *call off* da ɗagewa a *put off*. *On* haɗuwa ce da kunnawa, sannan ci gaba: *go on*, *carry on*, *keep on*. *Down* raguwa ce da tsayawa, *slow down*, *calm down*, *shut down*, *break down*, sai kuma sauke magana a takarda, *write down*, *note down*. Wanda ya san waɗannan hanyoyi, in ya ci karo da sabon haɗi a jarida, sau da yawa zai iya cankar ma'anarsa kafin ya buɗe ƙamus.

Sau da yawa na ce, ban ce kullum ba. Akwai waɗanda ma'anarsu ta yi nisa da gida har ba a gane hanyar da ta bi. Babu dabarar da za ta kai ka daga *take* da *after* zuwa kama da mahaifi, ko daga *put* da *up* da *with* zuwa haƙuri da abu. Waɗannan sai a riƙe su ɗungurungum. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Muna cin amana, muna cin kasuwa, muna cin zaɓe, muna cin mutunci, muna shan wahala, muna shan iska, muna shan kaye, kuma babu Bahaushen da ke tsayawa ya tambayi ina bakin da aka ci amanar da shi. Ya ji su a magana ne, cikin yanayin da ake faɗinsu, har suka zauna.

Babbar wahalar a gaskiya ita ce haɗi ɗaya yana ɗauke da ma'anoni barkatai. *Pick up* ɗaukar abu daga ƙasa ne, ɗaukar fasinja ne, amsa waya ne, koyon harshe a titi ba tare da malami ba ne, farfaɗowar kasuwa ne. *Make up* ƙirƙirar ƙarya ne, shiryawa bayan faɗa ne, kwalliya ne, cike gurbi ne. Wani bincike da Dee Gardner da Mark Davies suka wallafa a 2007, bayan sun tace rumbun rubutu da maganganun Turancin Birtaniya mai kalmomi kusan miliyan 100, ya nuna abu biyu da ya kamata kowane malami ya sani. Na farko mai daɗi ne: aikatau 20 kacal da 'yan rakiya 8 su ne suka samar da fiye da rabin duk haɗe-haɗen da aka samu, kuma haɗi 25 kawai sun kai kusan kashi ɗaya bisa uku. Na biyu shi ne haɗi 100 da suka fi yawa suna ɗauke da ma'anoni har 559. Abin da wannan ke nuna mini shi ne jerin haddar nan ya juya aikin a baibai. Ana bin yawa, a ba yaro haɗi ɗari biyu kowanne da ma'ana ɗaya, alhali abin da zai amfane shi shi ne ƙalilan da ake ji kullum, irin su *go on*, *come back*, *pick up*, *find out*, *set up*, *carry out*, kowanne da fuskokinsa a cikin jimloli na gaske.

Turancin da muke yi a Najeriya ya yi nasa hukuncin a kan waɗannan kalmomi, kuma yana da kyau a dube shi da idon basira. Kowa ya san *off the light* da *on the fan*. Malamai suna dukan tebur a kansu, kuma a jarrabawa kuskure ne. Amma dubi abin da ya faru: mutane sun lura cewa a *switch off* ma'anar tana cikin *off*, *switch* ɗin rakiya kawai ya yi, sai suka sallame shi suka mayar da *off* aikatau. Wannan shaida ce cewa kunnen jama'a ya kama inda nauyin yake. Wani lokaci kuma 'yar rakiyar ake yarwa, kamar *pick the call* maimakon *pick up*, ko *fill the form* inda Baturen Ingila zai ce *fill in*, na Amurka ya ce *fill out*. Wani lokaci ƙara ta ake yi inda ba a gayyace ta ba: *cope up with*, wadda daidai ɗinta *cope with* ne, mai yiwuwa an gauraya ta da *keep up with*, ko *discuss about* da *request for* a matsayin aikatau. *Discuss about* tana samun ƙarfi daga *talk about*, kuma ga Bahaushe "tattauna a kan" ma tana tura shi can.

Waɗanda suka fi buƙatar hattara su ne masu ma'ana daban a waje. A taro a nan in an ce *let us round up*, kowa ya san a kammala ake nufi. A Ingila da Amurka *round up* tattaro dabbobi ne ko kame mutane, ko cike lissafi zuwa lamba ta sama. Kammalawa *round off* ce ko *wrap up*. Mai yi wa ƙasa hidima yana murna ya yi *pass out*, kuma wannan ma'ana ta yaye dakaru daga Turancin sojan Birtaniya muka gaje ta, tana nan daram a can. Amma ka faɗa wa Ba'amurke haka, zai ɗauka suma ka yi. *Take in* a bakin mutane da yawa a nan ɗaukar ciki ne, a can kuwa fahimta ne, ko ba wa wani masauki, ko yaudara, ko rage faɗin riga. Tsakaninmu babu abin kunya a cikin waɗannan, harshe na masu magana da shi ne. Abin da nake so shi ne yaro ya san fuska biyun, ya san wadda zai sa a takardar jarrabawa da wadda zai faɗa wa likita a wata ƙasa.

'Yan'uwanmu na Nijar, waɗanda suka yi boko da Faransanci, nasu ya ɗan bambanta. Faransanci ba ya gina aikatau ta wannan hanya, kuma kalmomin rufin sama na Turanci kusan nasu ne: *continue* tana kama da *continuer*, *tolerate* da *tolérer*, *abandon* da *abandonner*. Ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram yana da gada shimfiɗaɗɗiya zuwa Turancin littafi, don haka yana iya kauce wa *go on* da *give up* gaba ɗaya, ya yi rubutu mai tsabta, sannan ya kasa bin hira. Masu binciken koyon harshe sun lura da irin wannan kaucewa a wurin ɗaliban da harshensu na farko ba shi da wannan gini. Shi ma in malaminsa ya bi da shi ta Hausa maimakon ta Faransanci, hanyar ta fi kusa.

Wani reshe da ke ƙara yaɗuwa shi ne mayar da waɗannan haɗe-haɗe sunaye. A 2020 duniya duka ta koyi *lockdown*, abin da muka kira dokar kulle, kuma daga *lock down* ta fito. Haka *breakdown*, *setup*, *checkout*, *handout*, *takeoff*. Ƙa'idar rubutu a nan mai sauƙi ce kuma ana yawan karya ta: aikatau a rabe, suna a haɗe ko da ɗan layi a tsakani. *Log in* aiki ne, *login* suna ne. Nauyin murya ma yana komawa gaɓar farko in suna ne. Wasu kuma juyawa suke yi, 'yar rakiya ta dawo gaba kamar a tsohon Turanci: *break out* ya haifi *outbreak*, ɓarkewar cuta, *come in* yana da *income*, kuɗin shiga. Amma kada a ɗauka juyawar ba ta taɓa ma'ana. *Set up* kafawa ne, *upset* ɓacin rai ne. *Look over* dubawa ne, *overlook* kuwa yawanci tsallake abu ne ba a gani ba.

Akwai wata tsohuwar fahimta a wurinmu cewa babban Turanci shi ne mai dogayen kalmomi, wanda in an yi shi a taro sai an tafa. Wannan ta sa wasu malamai suke ɗaukar *put off* a matsayin Turancin kasuwa, su ce a rubuta *postpone*. Gaskiya ne a takardar kotu ko rahoton bincike kalmomin Latin sun fi yawa. Amma ko a can *carry out*, *set out*, *point out* da *refer to* suna nan birjik. Kuma musayar ba kullum take tafiya daidai ba. Uwa ba ta ce wa ɗanta *extinguish the lamp*, *put out* take cewa. Mutum ba ya *discover* lokacin tashin mota a tasha, *find out* yake yi. Wanda ya san rufin sama kaɗai yana magana kamar takardar gwamnati ko da yana gaisawa da abokinsa, kuma masu harshen suna jin haka nan take.

Ga mai koyo da kansa, kayan aikin suna hannunsa, sai dai ba a nuna masa yadda ake karanta su ba. Ƙamusun masu koyo na Oxford, wanda ke cikin jakar ɗalibai da yawa, yana sa wata 'yar kibiya mai kai biyu tsakanin karɓau da 'yar rakiya a duk haɗin da ake iya rabawa. In ka ga kibiyar a *turn something off*, ka san *turn it off* za ka ce. In ba ka gan ta ba, kamar a *look after somebody*, ka bar su a manne. Kuma duk sabon haɗin da za ka rubuta a littafinka, rubuta shi da wakilin suna a jikinsa tun farko: *put it off*, *call it off*, *look into it*, *get over it*, *put up with it*. Ta haka wurin zaman karɓau yana shiga kai tare da ma'anar, ba sai ka tsaya tuna ƙa'ida a tsakiyar magana ba.